Kwana Shida Muna Jiran Fada

Ranar Talata ta farko a watan Satumba, a daminar da ta biyo bayan yaƙin basasa, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, mu biyar ne a ɗakin yayana Bitrus a Gidan Barmo, wata unguwar Maguzawa da ke tsakanin Rogo da Karaye. Akwai shi mara lafiyar, da matarsa Rahila, da mahaifiyarmu Inna zaune a bakin ƙofa ta ba mu baya, da Malam Timoti mai ba da magani a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wajen Rogo, sai ni Luka, autan gidan. A ranar na iso daga Kaduna, inda nake karanta sanarwa da shirin manoma a gidan rediyo. Wasiƙar da Rahila ta sa aka rubuto mini ta yi kwana tara a hanya. Abin da ke cikinta kaɗan ne: ƙafar yayanka ta ƙi, shi kuma ya ƙi zuwa Kano, ka zo.

Na rubuta wannan ne domin masu kurkunu a gida da masu jinyarsu, kada su maimaita abin da muka yi. Zan fara da abin da aka gaya mini, sannan in faɗi abin da idona ya gani.

Yaya Bitrus shi ne ya fara karɓar baftisma a unguwarmu, kuma shi ne katikis ɗinmu, wato mai jan addu'ar Lahadi da koyar da littafin tambaya da amsa na ɗarikar Katolika. Fada, wato limamin Katolika, ba ya zama tare da mu. Daga Kano yake zuwa a kan babur, Lahadin farko ta kowane wata, ya saurari masu faɗin zunubi, ya yi Misa, wato babbar ibadarmu, ya koma. Ni da Rahila da gidaje bakwai muna bin Yaya. Inna tana kan gargajiya, a kanta kuma Baba ya rasu tun kafin wani Fada ya san hanyar unguwarmu.

A makon farko wani ɗan bororo ya fito masa a idon sawun hagu, mai zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, sai kan kurkunun ya leƙo, fari, siriri kamar zare. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rahila ta naɗe shi a tsinke, kullum a murza kaɗan. Aikin haƙuri ne, yakan ci wata guda.

A mako na biyu ciyawa ta fara cinye gonar gyaɗa. Yaya ya ga maƙwabta sun gama maimai shi yana zaune, sai wata safiya ya karɓi tsinken ya murza fiye da kima. Kurkunun ya tsinke, sauran ya koma ciki.

A mako na uku ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. A nan ne shawara ta yi yawa. Wani kawunmu ya kawo wanzami aka yi masa sakiya, aka huda kumburin da jan ƙarfe. Mugunya ta fita, ya sami sauƙin kwana biyu, daga nan abin ya dawo ya fi na da. Wata gwaggo ta ce a shafa kashin shanu, aka shafa. Malam Isyaku, malamin allo da gonarsa ke iyaka da tamu, ya aiko da rubutu. Yaya ya yi godiya, ya sa aka ajiye kwanon a ƙarƙashin gado don kada malamin ya ji an raina shi. Rahila kuma tana yayyafa ruwa mai tsarki safe da yamma. Sai a ƙarshen makon aka kira Malam Timoti.

Malam Timoti mutumin kudancin Zariya ne. Ya yi shekara biyar a makarantar koyon aikin Fada ya fita, ya shiga soja yana ɗaukar masu rauni a lokacin yaƙi, bayan an gama aka turo shi ƙasarmu. Kowa Likita yake ce masa, shi kuma kullum yana cewa shi ba likita ba ne. A kan keke yake zuwa, mil bakwai cikin laka.

A yammacin Talatar nan ya kwance bandeji. Yatsu biyu sun yi baƙi, wari ya cika ɗakin. Ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a fatar daidai inda launin ya canza, ɗan sama da idon sawu, ya rubuta Talata a gefe.

Ya ce, "Katikis, allurar da ta rage mini ta kwana huɗu ce, kuma ba ta iya wannan. Aikin wuƙa ne. Gobe akwai mota a Karaye."

Yaya ya ce, "Lahadi Fada zai zo. Litinin sai mu tafi."

Na ce, "Yaya, ai akwai Fada a Kano."

"In na kai Kanon. Bara Ɗanjuma a bayan mota ya cika, tun ba su wuce Karaye da nisa ba. Kuma an ce da ka isa asibitin sai su ɗora maka abu a hanci ka yi barci, ba wanda zai tsaya tambayarka. Kwana biyar ne, Auta."

Ban gane abin da ya sa mutumin da yake zuwa faɗin zunubi kowane wata yake tsoro haka ba. Sai ranar Laraba na gane. Layin ya hau da faɗin yatsa biyu. Malam Timoti ya ja sabo, ya rubuta Laraba. Yaya ya ce wa Rahila ta je ta dama masa kunu, ya jira ta yi nisa, sannan ya yi magana yana kallon rufin ɗaki.

Ashe a makon da zazzaɓi ya yi tsanani, Inna ta kai zakara gindin tsamiyar da kakanninmu suke yanka, ta dawo da ruwa a ƙoƙo, ta miƙa masa daga bakin ƙofa ba ta ce komai ba. Shi kuma, wanda ya shekara goma sha biyu yana hana mutane zuwa gindin tsamiyar nan, ya karɓa ya sha.

Ya ce, "Doka ta fari cikin dokoki goma ce na karya. Zunubi mai kisa ne. Wanda ya mutu da shi ba tare da Fada ya kwance shi ba, wuta ce har abada. Ni na koya wa mutane haka da bakina."

Malam Timoti yana wanke hannu. Ya ce, "Littafin nan ni ma na haddace shi, har da na Latin. Ya ce ba a ɗora wa mutum zunubi mai kisa sai yana cikin hankalinsa. Kai zazzaɓi ke juya ka."

"Na san ƙoƙon. Na san hannun da ya miƙo shi."

"To, ya kuma ce idan babu Fada, cikakkiyar tuba ta isa."

"Cikakkiyar tuba ita ce wadda aka yi don ƙaunar Allah, ba don tsoron wuta ba. Ni kuwa na duba zuciyata, Likita, tsoro ne zalla. Kuma da Inna za ta sake miƙo ƙoƙon, ban tabbata zan iya mayar mata da shi ba."

Malam Timoti ya tsaya yana dubansa. Ya ce, "Ka fi malamanmu iya littafin. Shi zai kashe ka."

Ranar Alhamis layin ya kai tsakiyar ƙwauri. Malam Timoti ya tura ƙyaure da ƙafa, ya rage murya.

"Katikis, na gwada ka da littafinka ban ci nasara ba. Yau zan gaya maka abin da ban taɓa faɗa a ƙasar nan ba. In ya fita daga ɗakin nan, zamana ya ƙare a Rogo. Ni ban yarda akwai wutar ba. Ban yarda akwai mai hura ta ba."

Yaya ya yi alamar gicciye. Bai kore shi ba.

Malam Timoti ya sunkuya ya jawo kwanon rubutu daga ƙarƙashin gado, ya ajiye shi kusa da kwalbar ruwa mai tsarki. "Ga na Malam Isyaku, ga na Fada, na ukun kuma ka sha. Kowanne mai shi ya tabbata nasa ne na gaskiya, kuma dukansu mutanen kirki ne. Daga ina aka ɗebo ruwan?"

Na ce, "Kududdufin bayan gari. Shi kaɗai ke gare mu da damina. Ko Fada shi yake sa wa albarka."

"Shi ne kuma ya ba yayanka kurkunu. Ba wanda ya cire shi daga ruwan, ko ɗaya cikin ukun. Ƙyalle mai tsabta da ya cire shi." Ya mayar da kwanon. "Kai Katolika ne don babur ɗin Fada ya bi ta hanyarku. Da a gidan Malam Isyaku aka haife ka, da yanzu kana jan carbi kana tausayin Kirista, da irin wannan tabbacin naka. Gaskiyar da ta dogara ga ɗakin da aka binne cibiyar mutum, wace irin gaskiya ce?"

Yaya ya ce, "Hanya ba ta zama ƙarya don wani bai bi ta ba."

"To, mahaifinka fa? Barmo ya shekara sittin yana yanka a gindin tsamiyar nan. Kai sau ɗaya ka kurɓa. Ina yake yanzu?"

"Baba bai sani ba. Ba a kama wanda bai sani ba."

"Ashe ke nan kafin Fada ya zo duk unguwarku ba mai shiga wuta saboda tsamiya. Zuwansa ne ya buɗe muku ƙofarta. Wannan shi ne labari mai daɗin?"

Yaya ya juya fuska bango.

Da Malam Timoti ya fita, na bi shi har inda ya jingine keke. Na ce masa mutum yana fama da ƙafa, shi kuma yana ƙara masa ciwon zuciya. Ya ce, "Malam Luka, ba wa'azi na zo yi ba. Tsoro ne ya ɗaure shi a gadon nan. In na sassauta igiyar ko kaɗan, zai hau mota. Bayan nan ya koma ya zama Paparoma in yana so."

Ranar Juma'a da safe na tara maza huɗu daga cikin masu zuwa coci, na ce mu ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Suka shigo, suka gaishe shi, ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wanda ya taɓa gadon nan, in ya mutu a hanya, ransa yana wuyansa. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka fita. Ban ga laifinsu ba. Shi ya koya musu abin da suke tsoro.

Rahila ta ji wani abu daga maganar jiya ta jikin ƙyaure. Da Malam Timoti ya iso ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Likita, ka ba ni maganin in sa masa. Bakinka ba zai sake shiga ɗakin nan ba."

Daga ciki Yaya ya ce, "Bar shi ya shigo, Rahila. Ina da amsarsa."

Layin ya ƙara hawa. Yaya ya jira aka rubuta Juma'a, sannan ya ce, "Ayuba ma an jarraba shi da gyambo. Kuma Allahn da nake bi ba daga nesa yake kallon wahala ba. An kafa masa ƙusa a ƙafa."

Malam Timoti ya ce, "Ayuba babba ne, ya san ana jarraba shi. A yaƙi na shiga wani gidan mishan da aka tara yara, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Mata suna durƙushe suna jan rosari, carbin Katolika, dare da rana. Yaran suka yi ta mutuwa a hannunmu. Wace jarrabawa ake yi wa ɗan wata takwas? Na cire rosari daga wuyan sojan wannan gefe, na cire daga wuyan na wancan gefe, iri ɗaya, addu'a ɗaya. Wanda harsashi ya kuskure ya ce Allah ya ji shi. Wanda ya samu, 'yan'uwansa suka ce nufin Allah ne. To, gaya mini, me zai faru a duniyar nan da za ka ce, wannan kam ya nuna ba kowa a can?"

"Ba mu san dukan shirinsa ba."

"Ba mu sani ba, amma mun san zai ƙona ka saboda kurɓi ɗaya? Wannan kam mun sani sarai?" Ya ɗaga tsinken da aka naɗe guntun kurkunun, wanda Rahila ta soke a jikin bango. "Wannan ba ya rayuwa sai a naman mutum. In akwai wanda ya zauna ya tsara kowace halitta, to, ya zauna ya tsara wannan don ƙafar manomi, ya kuma sa ya riƙa fitowa daidai lokacin noma. Kai kana da ɗiya. In Ladi ta yi maka laifi don ta faranta wa uwarta, za ka sa hannunta a murhu na minti ɗaya?"

Yaya ya ce, "Kai da ba ka yarda da komai ba, me ke sa ka tako keke mil bakwai kullum? Wa zai biya ka?"

"Ba kowa. Shi ya sa nake zuwa. In ban zo ba, ba wani mai zuwa."

"Wataƙila shi ne yake aiko ka."

Malam Timoti ya yi ɗan murmushi. "In haka ne, ka ji saƙonsa. Ya ce ka tafi Kano."

Yaya ya kusa dariya, amma ya ce, "Saura kwana biyu."

Ranar Asabar allura ta ƙare. Malam Timoti ya zo duk da haka, ya wanke ƙafar, ya ja layi, bai ce komai a kan addini ba. Da la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai wayewar gari.

Ranar Lahadi mutane suka taru a coci tun hantsi. Aka share fili, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Kowa kunnensa yana hanya. Sau biyu wani ya ce ya ji ƙarar babur, aka fita, ba komai. Rana ta take, ta karkata. Wajen ƙarfe uku wani mai tallan gishiri da ya fito daga Karaye ya ce kogi ya kawo har ya shafe mashigi, mutum sai da 'yan fito, babur kuwa ba zancensa. Layin ranar bai fi tafin hannu ɗaya tsakaninsa da gwiwa ba. Yaya yana rawar sanyi, leɓensa ya bushe. Da na gaya masa, sai ya ce, "Ruwan zai janye. Wataƙila Talata."

A nan na karya amana. Na sami Inna a bayan rumbu tana tsince wake, na gaya mata abin da Yaya ya faɗa mana ranar Laraba, da abin da ya sa ya ƙi tashi. Ta saurara har na gama, ta ajiye faifan.

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ko ta yi masa magana kai tsaye, ko ta wuce bakin ƙofarsa. In tana son sanin jikinsa, Rahila take tambaya, "Ya mai ɗakin nan ya kwana?" Ranar sai ta shiga ɗakin, ta zauna a gefen gadonsa, ta kira shi da sunan da Baba ya raɗa masa.

"Nomau."

Ya buɗe ido.

"Zakarana ne. Wuƙata ce. Ƙoƙona ne. Ni na haife ka, na ga kana ƙonewa, na kawo abin da na sani. In Allahn naku yana da hankali, ya san wanda zai kama, ga ni nan ba inda za ni. In kuwa ba shi da shi, me kake jira?"

Rahila ta rufe baki da gyale. Inna ta ɗora hannu a goshinsa, ta tashi ta fita ta koma kan wakenta.

Bayan kamar minti goma Yaya ya ce, "Auta, je ka gai da Malam Isyaku. Ka ce ina roƙon a taimaka mini zuwa bakin kogi."

Malam Isyaku ya ce, "Da tun Talata kuka faɗa. Wanda ya saukar da cuta ai ya saukar da magani." Ya sa aka cire ƙyauren zaurensa, ya turo ƙannensa biyu da surukinsa, ni na zama na huɗu.

Litinin da sassafe muka ɗora Yaya a kan ƙyauren muka kama hanya, Malam Timoti yana tura kekensa a gefe, Rahila tana biye da mu. A bakin kogi 'yan fito suka ɗaura manyan goruna a kusurwa huɗu na ƙyauren. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace. Kafin a tura, Yaya ya kamo rigar Malam Timoti.

"Likita, ban yarda da maganarka ba."

"Ban ce ka yarda ba. Riƙe gefen da kyau."

"Amma zancen Baba ya hana ni barci."

"Ka tambayi Fada. Ni ma ina son jin amsar."

Daga nan Malam Timoti ya juya, don yana da marasa lafiya a Rogo. Muka haye. A Karaye muka zauna a gindin bishiya har azahar kafin motar hatsi ta cika. Direban ya so ya ƙi mu saboda wari, sai wata tsohuwa cikin fasinja ta ce masa shi ma ƙafa biyu gare shi, ba a san gobe ba. Muka isa Kano da la'asar sakaliya.

A asibiti mai ba da kati ya ce an rufe, mu dawo gobe da safe mu bi layi. Na yi masa bayani da Hausa, na yi da Turanci, bai ɗago kai ba. Har yau ina jin haushin mutumin nan. Wata nas da ta tashi aiki ce ta zo wucewa, ta tsaya, ta ɗaga zanen da muka rufe ƙafar, ba ta nemi kati ba ta ce mu biyo ta. Ban san sunanta ba. Allah ya saka mata da alheri.

Likitan ya duba ƙafar ya faɗi kalma ɗaya da ta zauna mini a kai, gangirin, wato nama ya mutu yana ruɓa. Sannan ya lura da layukan biro. Ya tambayi wanda ya yi su, ya ce mutumin ya san aikinsa. Ya ɗora yatsa a kan Talata ya ce, a nan da yatsu kawai zai cire, wataƙila da ɗan abin da ke bayansu. Ya matsa kan Alhamis ya ce, a nan da ya bar masa gwiwa. Yanzu kuwa sai daga cinya, kuma yau, ba gobe ba.

Na ce wa Yaya zan ruga gidan mishan in kawo Fada, na ce ya roƙi likita a jira ni. Ya girgiza kai.

"Je ka, amma kada a jira. Na jira ya isa." Ya riƙe hannuna. "In ban farka ba, ka gaya wa Timoti ɗayanmu ya san amsar."

Na ari keke na tafi. Na dawo da wani matashin Fada ana kiran magariba, muka tarar an riga an shiga da shi. Muka zauna a benci ni da Fadan da Rahila. Su biyu suna jan rosari. Ni na riƙe nawa, amma bakina bai motsa ba, ina kallon ƙofa. Bayan awa biyu aka fito da shi yana numfashi.

Fadanmu ya zo ranar Alhamis. Ya kwana biyu a Karaye yana jiran ruwa ya janye, mun saɓa da shi a hanya ba mu sani ba. Muka fita baranda ya saurari Yaya. Bai fi minti biyar ba ya kira mu. Fuskar Fadan ta yi ja.

Ya ce, "Bitrus, wa ya ce ka jira ni?"

Yaya ya zaro littafin tambaya da amsa daga ƙarƙashin matashi, ya buɗe shafin zunubi mai kisa, mai hoton mutane cikin harshen wuta. "Wannan da ka ba ni, Fada."

"Amma ai yana ciki cewa mai zazzaɓi, da wanda ya tuba a zuciyarsa..."

"Yana ciki. Amma wancan shafin ba shi da hoto."

Sannan Yaya ya yi masa tambayoyin Malam Timoti, ba tare da ya ambaci sunansa ba. A kan Baba, Fada ya ce rahamar Allah ta fi abin da littafi ya ɗauka, ba wanda zai ce Barmo yana wuta. Yaya ya ce, "To, me ya hana ku fara da wannan?" A kan kurkunu da yaran yaƙi, Fada ya daɗe yana kallon inda ƙafar take a da, ya ce bai sani ba. Daga baya Yaya ya ce mini duk cikin maganar Fada wannan ce ta fi kwanta masa.

Mun yi mako bakwai a asibiti. Mako biyun farko wurin ya yi ruwa, aka sake buɗe shi. Yaya yakan farka yana neman ya sosa yatsun da babu su. Rahila a baranda take kwana, tana dafa masa abinci a murhun duwatsu a bayan ɗakin marasa lafiya tare da matan wasu. Aka sayar da bijimin huɗa. Gyaɗar kuwa gayya aka yi aka cire ta, mutanen coci da mutanen Malam Isyaku da dangin Inna, rana ɗaya.

Ga abin da zan ce wa mai karatu. A tace ruwan kududdufi da ƙyalle mai tsabta. Kada a ja kurkunu da gaggawa. Kada a yi sakiya, kada a shafa kashin shanu. In yatsa ya yi baƙi, a tashi a ranar, ko wa ake jira. Game da tambayoyin Malam Timoti, ni ma'aikacin rediyo ne, an koya mini kada in karanta abin da ban tabbatar ba. Har yanzu ina zuwa Misa, har yanzu kuma ban sami amsar biyu daga cikinsu ba. Ina gode masa, ko da yake ya bar mana abin da bai zo da maganinsa ba.

Na kai masa saƙon Yaya duk da cewa ya farka. Ya ce, "Madalla. Gara mu zauna dukanmu ba mu sani ba." Kafin damina ta zagayo aka yi masa canjin wurin aiki, ba mu sake jin labarinsa ba. Inna ta koma tambayar Rahila yadda mai ɗakin nan ya kwana, ba ta sake kama sunansa ba har ta rasu. Yaya Bitrus ya ci gaba da jan addu'ar Lahadi a kan sanda har shekara shida. Yana koyar da littafin daga farko zuwa ƙarshe, amma duk ranar da aka zo shafin nan mai hoto, sai ya haɗa shi da na gabansa ya juya.